Hawaye Da Dokar Bindiga

Jama'a, akwai wata gardama da mutanen Amurka suka daɗe suna yi, wadda ya kamata kowane talaka ya kasa kunne ya ji ta, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba. Gardamar ita ce: wa ya kamata a bari ya mallaki bindiga, wace iri, kuma bisa wane sharaɗi? Duk ran da wani ya shiga makaranta ko kanti ya buɗe wa bayin Allah wuta, sai ƙasar ta rabu biyu. Sashe guda su ce a tsananta doka yanzu-yanzu, tun jini bai bushe ba. Ɗaya sashen su ce a'a, ai ba a yin doka cikin kuka, a bari zukata su huce tukuna. In zukata sun huce kuwa sai a mance da zancen, har wata masifar ta sake faɗowa.

To, abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne tambayar da ke kwance a ƙarƙashinta, wadda ta shafi kowace ƙasa da kowace irin doka. Shin kukan jama'a da fushinsu da tsoronsu suna da wurin zama a zauren da ake yin doka, ko kuwa sai a bar su a bakin ƙofa? Ra'ayin wannan jarida shi ne suna da wuri, amma kowa da aikinsa. Kuka shi ke sa masu mulki su buɗe ƙofa. Abin da za a shiga da shi kuwa, lalle ne a auna shi a sikeli tun kafin ranar kukan ta zo.

Bari mu fara da yadda abin yake a can. Tun cikin 1791 aka sa wani gyara a tsarin mulkin Amurka, wanda suke kira gyara na biyu, mai kare haƙƙin jama'a na ajiye makami. A 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa wannan haƙƙi na kowane mutum ne shi kaɗai, yana iya ajiye bindiga a gidansa don kare kansa. Masu ƙididdigar makamai sun ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi wajen miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, watau kowane mutum 100 suna da bindiga 120. Bindigogin sun fi mutanen yawa. A shekarar 2021 kaɗai, mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Ran 14 ga Disamba, 2012, wani saurayi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook, a jihar Connecticut, ya kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai, da manya shida masu aiki a makarantar. Shugaba Obama ya tsaya gaban jama'a yana share hawaye. Da aka tambayi ra'ayin mutane, kusan 90 cikin 100 suka ce sun yarda a riƙa bincikar halin duk mai sayen bindiga kafin a miƙa masa. Sanatoci biyu, Joe Manchin da Pat Toomey, ɗaya daga kowace babbar jam'iyya, suka kawo shawara mai sauƙi, cewa a yi wannan bincike har a wuraren baje kolin bindigogi da cinikin intanet. A watan Afrilu na 2013 aka jefa ƙuri'a a Majalisar Dattawa mai wakilai 100. Mutum 54 suka ce i, 46 suka ce a'a. Amma bisa ƙa'idar majalisar sai 60 sun yarda maganar za ta wuce. Sai ta faɗi.

Ashe kuwa in hawaye kaɗai ke yin doka, da ran nan an yi ta, don babu kukan da ya fi na uwar da ta kai ɗanta makaranta da safe, aka ce ta zo ta ɗauki gawa. Me ya kayar da su? Shiri. Masu goyon bayan bindiga suna da ƙungiya da ake kira NRA, wadda aka kafa tun 1871. 'Ya'yanta suna biyan kuɗin ƙungiya, suna rubuta wa wakilansu takardu, suna halartar taro, ran zaɓe kuma ba su duban kome sai matsayin ɗan takara a kan bindiga. Su kuwa mutum 90 ɗin nan cikin 100, sun yi kuka, sun yi ta'aziyya, kowa ya koma kan sana'arsa. 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin wannan. Dillalai goma masu baki ɗaya sukan tsayar da farashi a kan masu saye ɗari da ba su san juna ba. Wakili ma ɗan kasuwa ne a wajen ƙuri'a. Ya san wanda zai tuna ran zaɓe, ya san wanda zai mance.

Yanzu mu duba waɗanda ke cewa a bar son zuciya a yi aiki da hankali. Maganarsu tana da daɗin ji, amma su ma da zuciya suke ciniki, hajarsu ce kawai ta bambanta. Waɗancan suna ɗauke da baƙin ciki, su kuwa suna ɗauke da tsoro: tsoron ɓarawo ya hauro cikin dare, da tsoron gwamnati ta zo ta ƙwace makaman mutane. Shi ya sa bayan kisan Sandy Hook cinikin bindiga ya hau maimakon ya sauka, haka kuma ya sake hawa a 2020, shekarar annoba da tarzoma. Mako guda bayan kashe yaran, shugabannin NRA suka fito suka ce maganin abin shi ne a sa masu gadi da bindiga a kowace makaranta. To, ran 24 ga Mayu, 2022, a garin Uvalde na jihar Texas, wani ɗan shekara 18 ya kashe yara 19 da malamai biyu. Jami'an tsaro 376 suka taru a wurin da makamansu, amma sai da aka yi minti 77 kafin su shiga ajin su gama da shi.

Ba mu ce tsoronsu duk ƙarya ne ba. Manomin da ke zaune nesa da gari, wanda in ya kira 'yan sanda sai bayan awa guda su iso, yana da hujja. Maharbin da ya gaji bindiga daga ubansa, bai taɓa cutar kowa ba, yana da hujja in ya ce don me za a hukunta shi da laifin wani. Waɗannan maganganu ne da suka cancanci amsa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya kira nasa tsoron hankali, ya kira kukan maƙwabcinsa hauka.

Ga kuma wani abin mamaki. Waɗanda ke cewa a kawo hujja a bar hawaye, su ne suka toshe rijiyar da ake ɗebo hujjar. A 1996 majalisar Amurka ta sa wani sharaɗi a kasafin kuɗi, wanda ake kira da sunan ɗan majalisa Jay Dickey, cewa hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta ƙasar ba za ta yi amfani da kuɗinta wajen goyon bayan taƙaita bindiga ba, aka kuma zare kuɗin da take binciken da shi. Daga nan bincike a kan kisan bindiga ya yi sanyi fiye da shekara 20, sai a ƙarshen 2019 aka ware dala miliyan 25 don a ci gaba. Mutumin da ya ɓoye mudu, sa'an nan ya ce ba zai biya ba sai an auna, kun san abin da yake nufi.

Har wa yau, sai a lura da kukan wa ake ji da sauri. A ran 2 ga Mayu, 1967, wasu baƙaƙen fata 'yan ƙungiyar Black Panther suka shiga ginin majalisar jihar California da bindigogi a hannu. A lokacin doka ba ta hana ba, kuma sun ce suna ɗaukar makami ne don sa ido a kan 'yan sandan da ke cin zalin mutanen unguwanninsu. Kafin wata uku su cika an yi dokar hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a, Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu. Ran nan ba wanda ya ce a jira zukata su huce. In tsoro ya kama manya, sunansa tsaron ƙasa, nan da nan a yi doka. In baƙin ciki ya kama talaka, sai a ce masa ya yi haƙuri, ya bar siyasa da gawa. Wannan hali ba mu buƙatar a fassara mana shi.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗa wa masu kukan ma tasu. Zuciya takan kalli abin da ya fi ban tsoro, ta bar abin da ya fi kisa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 1994 Amurka ta hana sayar da wasu manyan bindigogi masu kama da na soja. Da aka zo rubuta dokar, sai aka bi siffa: mariƙi iri kaza, gindi mai naɗewa, wurin ɗaura wuƙa a baki. Masu ƙera bindiga suka cire waɗannan, suka ci gaba da sayar da kusan abu ɗaya da sabon suna. Dokar ta shekara goma ce, ta ƙare a 2004 ba a sabunta ta ba, kuma masu binciken da gwamnati ta sa suka ce amfaninta yana da wuyar aunawa, don tun asali irin waɗannan bindigogi kaɗan ne cikin waɗanda ake aikata laifi da su.

To, mu komo kan adadin nan na 2021. Cikin mutum 48,830 da suka mutu, 26,328 su ne suka harbe kansu da kansu, watau fiye da rabi. Waɗanda wani ya kashe su 20,958 ne, kuma mafi yawansu da ƙaramar bindigar hannu, ɗaya-ɗaya, a cikin gida ko a bakin titi, a unguwannin matalauta. Kisan taron jama'a, wanda shi ke cika jaridu, ɗan ƙaramin kaso ne a cikin wannan. Dattijon da bashi ya yi wa katutu ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ba a sauke masa tuta. Matar da mijinta ya harbe, labarinta ba ya wuce garinsu. Amma su ne masu yawa. Abubuwan da ke taimakonsu kuwa ba su da armashi a bakin mai wa'azin siyasa: a sa mai saye ya jira 'yan kwanaki kafin a ba shi bindiga, a tilasta kulle ta inda yaro ba zai kai hannu ba, a karɓe ta daga hannun wanda kotu ta tabbatar yana dukan iyalinsa. Wanda bai ƙirga gawa ba, ba zai san ta inda mutuwa ke shigowa ba.

Akwai ƙasar da ta haɗa biyun, kuka da lissafi, ita ce Ostiraliya. Ran 28 ga Afrilu, 1996, wani mutum ya kashe mutane 35 a Port Arthur, a tsibirin Tasmaniya. Firayim Minista John Howard bai cika wata biyu a kan mulki ba, kuma gwamnatinsa ta dogara ƙwarai da ƙuri'un manoma masu bindiga. Duk da haka, cikin kwana 12 shi da gwamnatocin jihohi suka daidaita a kan tsari ɗaya. Aka hana bindigogi masu saurin harbi, aka ce kowace bindiga sai an yi mata rajista, mai nema ya faɗi dalili karɓaɓɓe, kuma ya jira kwana 28. Gwamnati ba ta ƙwace kayan kowa a banza ba. Ta ƙara ɗan haraji na shekara guda, ta sayi bindigogi wajen 650,000 daga hannun masu su, ta lalata.

Mai karatu zai ce, ashe ana iya yin doka mai kyau cikin kwana 12? Af, ai ba cikin kwana 12 aka yi ta ba. Tun bayan harbe-harben da aka yi a birnin Melbourne a 1987 aka kafa kwamitin bincike, ya ba da rahoto a 1990, kuma yawancin shawarwarin nan suna nan a rubuce, an yi ta kai su taro ana komowa da su. Abin da ya rage shi ne ƙarfin zuciyar zartarwa, shi ne kuwa kukan Port Arthur ya bayar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, amma maƙerin da bai san abin da zai ƙera ba, ko ƙarfe ya yi ja sai ya huce a hannunsa. Masu bincike sun ƙirga cewa cikin shekara 18 kafin dokar an yi kisan taro har sau 13, inda aka kashe mutum biyar ko fiye, bayanta kuwa aka yi kusan shekara 20 ba a ga ko ɗaya ba. Daga baya an sake gani, don babu dokar da ke rufe ƙofar sharri ruf, kuma masana suna gardama a kan nawa ne rabon dokar cikin raguwar kisa, tun da dama ya fara sauka kafin 1996. Amma ba a sami gwamnatin da ta yarda ta koma gidan jiya ba.

Ko a Amurka ma, da aka koyi darasi an ga bambanci. Bayan kisan Sandy Hook, iyayen yaran da sauran mata suka kafa ƙungiyoyi, suka yi kusan shekara goma suna bin majalisun jihohi, suna tara kuɗi, suna tsayar da 'yan takara. Da masifar Uvalde ta auku, akwai masu takarda a hannu. Cikin wata guda Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 65 bisa 33, aka sa hannu ran 25 ga Yuni, 2022. Dokar ba ta da girma: ta ƙara bincike a kan mai saye da bai kai shekara 21 ba, ta ba jihohi kuɗi don tsarin karɓe bindiga daga wanda kotu ta ga yana da haɗari. Amma ita ce babba ta farko cikin kusan shekara 30. Hawayen 2022 ba su fi na 2012 zafi ba. Shiri ne ya ƙaru.

Me ya haɗa mu da wannan, mu da muke nan? Abin da ya haɗa mu shi ne mu ma gardamar ta iso ƙofarmu, ta wata fuskar. Dokar bindiga ta Nijeriya tun 1959 take, kuma ta ɗora ba da lasisi a hannun Shugaban Ƙasa da shugabannin 'yan sanda. Da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce mutane su nemi lasisin bindiga, babban hafsan tsaron ƙasa kuma ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Tsoron manomin da aka kore daga gonarsa, da na ɗan kasuwar da ake tarewa a hanyar cin kasuwa, gaskiya ne, kada wanda ya kwana cikin gida mai gadi ya raina shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma mun taɓa ganin dokar da tsoro ya rubuta shi kaɗai. Bayan yaƙin basasa makamai suka bazu, fashi ya yi yawa, sai gwamnatin soja ta yi dokar 1970 ta hukuncin kisa ga ɗan fashi da makami. Aka riƙa ɗaure su a jikin ganguna a bakin teku a Ikko ana harbewa, jama'a na kallo. Zukata sun yi sanyi, fashi kuwa bai ƙare ba. Haka nan 'yan sa-kai, da yawansu sun fito ne don ƙauna ga garuruwansu, amma an sha zargin wasunsu da kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, har a tsakiyar kasuwa, ramuwar gayya kuma ta faɗo kan ƙauyen da ba shi da laifi.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara. Duk wanda ya zo muku da maganar bindiga, ko ya ce a raba wa kowa, ko ya ce a karɓe ta kowa, kada ku tsaya ga zaƙin bakinsa. Ku yi masa tambayar da kukan yi wa mai kawo haja. Na farko, mutum nawa ke mutuwa, a ina, da wace irin bindiga, kuma ta wace hanya take shigowa? Na biyu, an taɓa gwada wannan magani a wani wuri, me ya haifar? Na uku, wa zai biya? In an ce kowa ya sayi tasa, mai kuɗi zai saya, talakan da bai gama biyan kuɗin taki ba fa? In kuwa an ce a karɓe, za a fara da maharbin ƙauye mai bindigar toka ne, ko da mai safarar manyan makamai? Na huɗu, ran da ƙura ta lafa, wa zai tattara makaman, kuma wa zai amsa laifi in an kashe marar laifi? Wanda ya kasa amsa waɗannan huɗu, kukanku yake so ya ci riba da shi.

In kuma aka ce muku ku yi shiru don yanzu lokacin makoki ne, ku ce kun ji, amma a faɗa muku ranar da za a zauna, a rubuta ta. Wanda ya ƙi sa rana, ba hucewar zuciyarku yake jira ba, mantuwarku yake jira. Kafin ranar kuwa, kowane reshe da kowace ƙungiyar 'yan kasuwa su sami littafi su riƙa rubutawa: ran kaza aka tare hanya kaza, aka kashe mutum kaza, aka kira jami'ai da ƙarfe kaza, suka iso da ƙarfe kaza. Ku zauna ku daidaita a kan buƙata biyu ko uku da kuka auna, ku ajiye su a rubuce. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da ƙofa ta buɗe, ba ta daɗewa a buɗe, wanda ke da takarda a hannu shi ke shiga.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, na kusa da na nesa, ya ba iyayensu haƙuri, ya ba mu shugabanni masu jin kuka, masu kuma iya lissafi. Amin.